Ƙyallayen Likitan Keke

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Baba, Yaya ya kira mitin a falon Mama. Ƙarfe goma na safiyar Lahadi ya sa, amma shi da ya sa lokacin sai sha ɗaya da kwata ya shigo, makullin shago na rawa a yatsarsa.

Auta ta riga ta shimfiɗa tabarma ta zauna jikin ƙafar Mama. Ita ce ƙaramar gidan, tana aiki a wani shagon fotokwafi, kuma tun tana 'yar mitsitsiya Allah ya ɗora mata ciwon tambaya. Abu in bai shige mata kai ba, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Baba ne kaɗai ya iya da ita, shi ma ba amsa yake ba ta ba, sukudireba yake miƙa mata ya ce ta buɗe ta gani da idonta.

Gyaran keken ɗinki ne sana'ar Baba, shekara talatin da ɗoriya, har teloli suka manta sunansa suka koma kiransa Likitan Keke. Mutum ne da magana take yi wa tsada. Bai bar wasiyya ba, bai bar littafi ba, ko rasit bai taɓa yanka wa kowa ba. Da safe ya fita lafiya ƙalau, kafin azahar aka kawo shi gida a kwance. Abin da ya bari shi ne gidan da Mama take ciki, wanda babu mai shirin taɓawa, sai shagon haya da kekuna goma sha tara a jere.

"Ni dai magana ɗaya ce," in ji Yaya. Manaja ne a gidan mai, ya saba in ya buɗe baki a yi tsit. "Ba na son a ji kanmu a waje. Babu lauya, babu kotu, babu wani baƙo da zai zo ya zauna mana yana ƙirga cokulan Baba. Mai shago yana son wurinsa ƙarshen wata. Na samu dillali, ranar Asabar zai zo da mota ya kwashe kekunan gaba ɗaya. A cire wa Mama nata, mu raba saura yadda Allah ya ce. Shi ke nan."

"Ni na ma gama nawa aikin," in ji Anti. Ita ke bin Yaya, nas ce, ita da ƙura ba sa shan inuwa ɗaya. "Jiya tun safe nake shagon. Na share, na goge kowane keke har sai da na ga fuskata, na kwashe tsummokaran nan, na ɗauki hotuna na tura wa dillalin."

Auta ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Yaya, kekunan duk na Baba ne?"

"A shagon wa suke?"

"Na Baba. Amma ai mu ma shagonmu cike yake da takardun mutane, ko ɗaya babu tamu—"

"Auta, filis. Yau ba ranar tambaya ba ce. Mutum uku sun tare ni tun shekaranjiya, kowa wai nasa na ciki. Na ce a kawo rasit. In muka buɗe wannan ƙofar, rabin gari sai ya zo ya ce ya bar keke."

Tana shirin tuna masa cewa Baba ba ya ba da rasit, aka yi sallama a ƙofa. Muryar ta sa ta gyara ɗankwali ba ta sani ba. Bahago ne. Tela ne, dogo siriri, da hagu yake riƙe almakashi, shi ya sa sunan ya bi shi. Shekara biyu yana neman Auta, Baba ya amince masa tun da ransa, saura wata biyu biki.

Ya durƙusa ya gaida Mama, ya gaida Yaya da Anti, sannan ya yi ta murza hularsa a hannu kamar zai matse mata ruwa.

"Mama, Yaya, ku gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. Na ji an ce za a kwashe kekuna. Babban nan na lantarki, mai yin surfani, wanda ke jikin taga... nawa ne."

Duk wanda ke wurin ya san wannan keken ne ya jawo dillalin, sauran rakiya kawai suka yi masa.

"Naka," Yaya ya maimaita a hankali.

"Kwana biyar kafin rasuwar na saye shi a hannun wani da zai bar gari. Daga can kai tsaye na kawo wa Baba ya duba. Ko kwana ɗaya bai yi a shagona ba."

"Rasit?"

"Babu, Yaya."

"Wanda ya sayar maka?"

"Lambarsa ba ta shiga."

"Shaida fa?"

"Baba ne shaidata."

"Da me ka saya?" Wannan daga bakin Auta ta faɗo, ba ta shirya ba.

Bai kalle ta ba. "Tsohon kekena na sayar, na haɗa da ɗan abin da na tara. Na ɓoye miki ne don kin hana ni. Na so sai ya fara aiki ki gani." Ya juya wurin Anti. "Anti, an ce kin goge kekunan, ba ki ga wani ƙyalle a ƙarƙashin allurarsa ba?"

"Ƙyallaye dai. Kowane keke da nasa. Duk na zare na haɗa da shara. Me ya faru?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

Yaya ya yi wata dariya da babu daɗi a cikinta. "Ikon Allah. Ko aure ba a ɗaura ba, har an fara cin gado. Duk cikin sha tara ba ka ga naka ba sai mai tsadar. Malam, Baba ne ya ba ka yarinyar nan, amma yau ni ne a gurbin Baba. Mutumin da zai jingina wa mamaci ƙarya saboda ƙarfe, ba zan damƙa masa ƙanwata ba."

Bahago ya miƙe, ya sa hularsa. "Na bar muku keken, Yaya. Allah ya jiƙan Baba."

"Kun gani ko?" in ji Yaya tun kafin labule ya gama motsi. "Mai gaskiya ba ya saki da wuri haka."

Bari mu faɗi gaskiya, don labarin nan ba na waliyyiya ba ne: Auta ta zarge shi. Kwana biyu cur tana zarginsa. Ba keken ne ya fi ci mata rai ba, ɓoyewar ce. Wanda ya iya ɓoye mata abu ɗaya, me zai hana ya ɓoye biyu? Ya kira ta sau huɗu ranar Litinin, tana kallon wayar tana haske har ta gaji ta mutu. A wurin aiki ta buga wa wani kwastoma takardarsa a kife har kwafi ashirin. Tana son Bahago, kuma tana jin kunyar son, kuma tana jin haushin kunyar. Ga wata tambaya da ta tsaya mata a wuya kamar ƙaya: me zai sa mutumin da ake tuhuma da ƙarya ya tsaya tambayar tsumma?

Ranar Talata da yamma ta dawo ta tarar da Mama a ɗaki, da baƙar leda a cinya, tana bin wani ƙyalle da ɗan yatsa.

"Mama, mene ne wannan?"

"Sharar yayarki. Ta kawo ta ajiye a bakin ƙofa motar shara ta tafi da ita, na tsince. Ɗinkin hannunsa ne. Ta yaya zan bari a zubar?"

Auta ta juye ledar a kan gado. Ƙyallaye ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, kowanne da layin ɗinki uku ko huɗu a jikinsa. Ta jera su, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Goma sha tara. Bakwai daga ciki iri ɗaya ne, farin yadin buhu. Sauran sha biyun kuwa kowanne da kamarsa: wani shuɗin yunifom, wani leda mai kauri, wani labule, wani yadi mai santsi.

"Me ya sa waɗannan bakwai suka zama iri ɗaya?"

"Nasa ne na kansa," in ji Mama. "Matattun kekunan da yake saya ya tayar, da buhu yake gwada su. Amma babanki ba ya gwada keken mutum da yadinsa. Sai ya ce mai keke ya kawo ƙyalle daga abin da yake ɗinkawa, wai keken da ya saba da leda daban ne da wanda ya saba da yadi mai santsi. In ya gama gyara sai ya bar ƙyallen a ƙarƙashin allura. Da shi yake gane na kowa."

"Haba Mama! Me ya sa ba ki faɗa ba ranar Lahadi?"

"An tambaye ni? Kuma tunda an riga an cakuɗa su, wa zai san wanne ne na wane keke?"

Wato Baba ya bar littafi. Anti ce ta yayyage shafukan da kyakkyawar niyya. Auta ta ɗauki ƙyalle ɗaya tana juya shi don takaici, sai idonta ya tsaya a bayansa. Ta gaba ɗinkin baƙi ne, ta baya kore. Ta juya na biyu: gaba baƙi, baya ja. Na uku, baya ruwan hoda. Nan take ta tuna gwangwanin Baba na guntayen zare, da yadda yake naɗa wa kowane keke zaren ƙasa mai launi daban da na sama, don ya ga wanne ne yake rinjayar ɗan'uwansa. Zaren ƙasa kuwa a cikin kwarkwaro yake zama, can ƙarƙashin keke, a bayan wani ɗan murfi.

"Mama, Anti ta buɗe cikin kekunan?"

"Wannan? Ta san ma keke yana da ciki?"

Mama ta zura hannu a aljihun rigar Baba da ke rataye, ta ciro ɗaya makullin shagon ta ba ta.

Washegari Auta ta roƙi oganta hutun kwana uku. Ta buɗe shagon ta shiga. Ƙamshin man keke yana nan duk da sabulun Anti, ga kujerarsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya da yake tokarewa da katako, ga tabaransa a kan taga. Ta yi kukanta ta more, ta share fuska, ta durƙusa gaban keke na farko ta zame murfin. Kwarkwaro na nan da zarensa, kore shar. Anti ta yi wa majinyata wanka tsaf, amma ba ta leƙa cikin ko ɗaya ba.

Aikin ya ci mata yini guda. Ta yanki salatif tana manna lamba, ɗaya a jikin keke, ɗaya a jikin ƙyallensa. Biyu suka ba ta wahala, don dukansu jan zare ne. Sai ta zura musu zaren sama, ta taka kowanne, ta yi layi a gefen layin Baba. Ɗaya takunsa gajere, ɗaya dogo, rigima ta ƙare. Babban na jikin taga ta bari ƙarshe, don tsoro. Ta zame murfinsa. Zaren rawaya ne. Ƙyalle ɗaya ne ya rage a ledar, bayansa rawaya, kuma ba buhu ba ne. Yadi ne ruwan toka mai siririn jan layi.

Ta yi tsalle ita kaɗai a shago. Sai kuma ta zauna a hankali. Abin da ta gano shi ne keken ba na Baba ba ne. Bai ce na Bahago ne ba. In ta nuna masa ƙyallen ya ce nasa ne, Yaya zai ce baki suka haɗa, kuma ita kanta ba za ta taɓa sani ba. Ta ninke shi ta sa a can ƙasan jaka, ta ƙudurta ba zai gan shi ba.

Alhamis da Juma'a ta yi su a layin teloli, a cikin kasuwa. Ta kafa dokarta: duk wanda ya ce ƙyalle nasa ne, sai ya kawo ragowar yadin, sannan ya faɗi kamar kekensa tun bai gan shi ba. Wani tsoho mai ɗinkin kujerun mota ya hango ledar mai kauri tun daga nesa.

"Tawa ce! Baƙin keke ne, an yi masa walda a wuya, kuma in kika taka yana tari kamar ni."

Wani mai bakin tsiya ya ce labulen nasa ne. Da ta tambaye shi launin keken sai ya ce, "Wato... launin keke dai." Teloli suka yi masa dariya har ya bar layin. Labari ya bazu, wannan ya kira wancan a waya, wancan ya aika gidan wata. Matar da ke ɗinka yunifom ɗin 'yan makaranta kuwa, tana ganin shuɗin ƙyallen ta kama hannun Auta ta fashe da kuka.

"'Yar nan, sau biyu ina zuwa gidanku gaisuwa da maganar a bakina, in kalli mahaifiyarki in kasa. Ga hutu ya kusa ƙarewa, ga aikin mutane jibge. Da wannan keken nake ciyar da yara huɗu."

Kafin la'asar ɗin Juma'a sha ɗaya sun sami masu su. Ruwan tokar nan mai jan layi kuwa, babu wanda ya san shi. Ta nuna wa teloli, ta nuna wa masu sayar da yadi, kowa ya murza ya ce mai kyau ne, amma ba a kasuwar nan aka saye shi ba. Ƙafafunta sun yi tsami, gobe Asabar.

Tana hanyar fita ta hango shi. Yana can ƙuryar shagon wani, a kan wani tsohon keken haya, ya duƙufa yana kalmasa ƙafar wando, aikin da ake ba masu koyo. Mutumin da ke da shagonsa na kansa. Ta raɓe jikin wata rumfa, ta yafito mai shagon.

"Me Bahago yake yi a nan?"

"Ya ce kekensa na wurin gyara, in ba shi aro ya riƙa rage zafi."

"Abin da ya ce ke nan? Bai ce komai a kan gidanmu ba?"

"Gidanku? Me ya faru a gidanku?"

Ta tsaya tana kallon bayansa. Kwana biyar da aka ci masa mutunci, a kasuwar da magana ba ta kwana, kuma ko mutum ɗaya bai ji daga bakinsa ba. Ya zaɓi ya rasa keke da ya ɓata sunan gidan Baba. A wurin ɗan sauran zargin ya fita daga zuciyarta, babu ƙyalle babu shaida. Ta juya ta tafi gida bai gan ta ba.

Asabar da safe, kafin dillali ya iso, ta jera komai a kan tabarmar Mama: ƙyallaye da lambobinsu, ragowar yadin kowa, da lis ɗin masu kekuna. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Anti ta toshe baki da hannu.

"Innalillahi. Ni na yi wannan ɓarnar? Wallahi tsumma na ɗauka."

Yaya kuwa fuskarsa ta haɗe. "Wato daga sha tara mun koma bakwai. Kin san dillalin nan ba zai tayar da mota don tsofaffin kekuna bakwai ba? Wa ya sa ki? Wa ya ba ki makulli?"

"Ni," in ji Mama. Tun da aka yi rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba sai yau. "Ranar Lahadi na yi shiru don ban ga mafita ba. Yau na gani. Mijina bai ci haƙƙin kowa ba da ransa, ba kuma za ku ɗora masa kayan mutane a kabari ba. Ko allura ɗaya ce ta rage, ita za mu raba."

Yaya ya sauke numfashi, ya shafa ƙeya. "To. Sha ɗaya a mayar. Na jikin tagar fa?"

Auta ta zaro ƙyallen ƙarshe daga ƙasan jaka ta ajiye a gabansa. Ta dube shi ido cikin ido.

"Wannan ne nasa. Ya nuna ba na Baba ba ne, amma ban samu wanda ya san yadin ba. Ban nuna wa Bahago ba, ko magana ban yi masa ba tun Lahadi. Ba ni da ebidens, Yaya, babu wata hujja a hannuna. Amma na yarda da shi. In ka ga dama ka sayar da keken, ka riƙe rabona ma. Ni dai ban ga maƙaryaci a wurin ba, kuma in ba shi ba, ba na jin zan iya auren kowa."

Yaya ya ɗauki ƙyallen. Ya juya shi, ya kai shi wajen haske, ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye, ya miƙe, ya fita. Suna ji ya tayar da mota.

Nan Auta ta kife a cinyar Mama. A ganinta shi ke nan, ta rasa yaya ta rasa miji a safiya ɗaya. Anti tana lallashinta tana nata hawayen, wayarta kuma sai ƙara take, dillali yana tambayar ta wane layi zai shigo.

Kusan awa guda sannan motar ta dawo. Yaya ya shigo da riga a hannu, a cikin ledar gidan wanki. Ya yage ledar, ya shimfiɗa rigar a kan tabarma, ya ɗora ƙyallen a kan hannunta. Ruwan toka ya hau ruwan toka, jan layi ya bi jan layi, har ba a gane inda ƙyallen ya tsaya.

"Daga tafiya na zo da yadin," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Bahago ne ya ɗinka min, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. A wurinsa na bar ragowar." Ya shafa rigar. "Tun da kika ajiye shi na gane. Ba zan ɓoye muku ba, na fi minti ashirin a ƙofar gidana cikin mota, ina ce wa kaina in na yi shiru babu wanda zai sani. Sai na ga ba zan ƙara iya sa rigar ba, ba kuma zan iya kallon Auta ba."

Ya karɓi wayar Anti ya ba dillali haƙuri. Sannan ya naɗe hannun riga.

Yini suka yi suna rabon kekuna, Yaya na tuƙi, Auta na karanta lis. Babban suka kai ƙarshe. Manaja guda, shi ya rungumo kan keken nan tun daga bakin kasuwa, yana haki, teloli na leƙowa. Aka kira Bahago ya buɗe shagonsa. Da ya ga abin da ke hannun Yaya sai makullin ya faɗi daga hannunsa.

"Ga kayanka," in ji Yaya. "Na ci maka mutunci a gaban mahaifiyata, a gaban mutane kuma nake ba ka haƙuri. Ka yafe min."

"Haba Yaya, ba komai wallahi."

"Da komai. Ka dai yafe."

Aka ɗora keken, aka jona wuta. Bahago ya zura zare, ya sa yadi, ya taka. Keken ya ɗauka sumul, layi ɗaya har ƙarshe.

"Da na kai shi," ya ce a hankali, "ba ya taku biyar sai ya tsinke zare. Ashe Baba ya gama gyara shi." Ya kau da kai yana goge ido da bayan hannu.

Yaya ya fita bakin ƙofa wai zai amsa waya. Auta ta matso.

"Sori. Ina da laifi a wurinka. Kwana biyu na yi ina zarginka, shi ya sa ban ɗaga waya ba."

"Ni na jawo, da na ɓoye miki. Ba zan sake ba." Ya ɗauki almakashi yana wasa da shi. "Ƙyallen nan ma ban san wanne na zaro daga jaka ba ranar. In tambaye ki mana. Da bai dace da komai ba fa? Da shi ke nan?"

Ta buɗe baki, amma daga bakin ƙofa aka riga ta. Ashe wayar Yaya babu kowa a cikinta.

"Kafin in kawo rigar ta riga ta zaɓe ka. A gabana, ido cikin ido, har da cewa in riƙe rabonta. Ka riƙe ta da kyau, Malam. In ka sa ta kuka, da ni za ka yi."

To, masu karatu, ba duk abin da aka tarar a hannun mamaci ne gado ba. Kafin a ce nawa ne rabona, a fara tambayar na wa ne wannan, don wanda ya tafi ba shi da bakin da zai mayar da amana sai na 'ya'yansa. Wanda kuma aka zarga ya danne zuciyarsa bai tona asirin kowa ba, Allah ba ya barinsa ya taɓe. Kekuna bakwai suka raba a gidan nan, ba su sa kowa ya yi arziki ba, amma babu wanda ya daina gaida wani. Bayan wata biyu aka yi bikin Auta da Bahago, kuma duk dangin ango sun shaida cewa babu wanda ya kai Yaya zirga-zirga.